Cutar da Aka Koya Mana Cewa Ba Tamu Ba Ce

 

An ba ni dama in yi magana a kan wata cuta da yawancinmu muka karanta a shafi biyu, muka amsa tambaya guda a kanta ranar jarrabawa, muka rufe littafi. A bakin likitoci sunanta maltiful siklerosis, a taƙaice MS. Ba ta da suna a Hausa, don haka a yau zan kira ta cutar zaizayar rigar jijiya, kuma nan gaba kaɗan za ku ga dalili. Lokacin da muke ɗalibai, abin da aka faɗa mana shi ne ciwon Turawa ne, na ƙasashen sanyi, baƙar fata ba ya yin sa. Mun haddace wannan, mun ci jarrabawa da shi. Ni kuma na cutar da wata baiwar Allah da shi, kuma da labarinta zan fara.

Ina ƙaramin likita a wani asibiti aka kawo mini wata malamar firamare, shekarunta 26. Mijinta na riƙe da hannunta. Ta ce kwana goma ke nan ƙafarta ta hagu ta yi nauyi, tana jan ta, silifa na zamewa ba ta sani ba. Na buga gwiwa, na shafa tafin ƙafa, na ga alamar matsala a laka. Na aika ta hoton ƙashin baya, ya fito lafiya lau. Na rubuta mata maganin ƙarin bitamin, na ce ta dawo bayan mako uku. Da ta dawo tana takawa da kanta, har tana yi mini godiya, ni ma na ɗauka maganina ne ya yi aiki.

Bayan shekara uku na sake ganinta, wannan karon da sanda. A ranar ne wani babban malamina ya zauna da ita, ya ce: "'Yata, kafin ƙafar nan, idonki ya taɓa yin wani abu?" Ta yi shiru, ta ce ai kuwa, kafin aurenta idonta na dama ya taɓa yin hazo, in ta juya shi yana ciwo, jan mayafinta ma ya koma mata kamar ya koɗe. Aka ce iska ce, aka yi mata ruƙiyya, bayan wata guda ido ya washe. Malamina ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Tambayar nan ba ta buƙatar na'ura ko kwabo, kuma da na yi ta shekara uku baya, da wataƙila ba ta kai ga sanda ba. Ban yi ta ba ne domin an riga an cire cutar daga cikin abin da zuciyata ke nema.

To, mece ce wannan cuta? Ku dubi wayar lantarkin da ke cikin ɗakin nan. A ciki jan ƙarfe ne, a waje roba ce ta lulluɓe shi. Jijiyoyin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido haka suke, kowace da rigarta ta wani irin kitse da ake kira mayalin. Da wannan riga saƙo kan yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa guda. In babu ita, da ƙyar yake yin mita 1 ko 2. A cutar MS, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta ne, ita ke juyowa tana cin wannan riga. Inda ta ci sai wurin ya kumbura, saƙo ya tsaya ko ya riƙa tsinkewa. Bayan makonni kumburin ya sauka, jiki ya ɗan yi faci, mutum ya ji sauƙi, amma tabo ya zauna. Sai bayan wata shida ko shekara biyu ta sake ci a wani wurin daban.

Nan ne wahalar gane ta take, musamman a wurinmu. Ciwon da zai kama ido bana ya saki, ya kama ƙafa baɗi ya saki, ya koma hannu, ko jiri, ko gani biyu-biyu, ko riƙe fitsari ya gagara, wane ne cikin iyayenmu ba zai ce sammu ko mutanen ɓoye ba? Kuma duk abin da aka yi kafin sauƙin ya zo, shi za a ce ya warkar. Ban faɗi wannan don raina addu'a ba. Ni ma ina yi wa majinyatana addu'a. Abin da nake so a sani shi ne, a kusan mutum 85 cikin 100 na masu cutar, haka take farawa, ta taso ta lafa da kanta, kuma lafawar ba warkewa ba ce. A ƙarƙashin wannan shiru jijiyar kanta na lalacewa sannu a hankali, ita kuwa ba ta sake tsirowa. Sauran kuma tun farko ba ta lafawa, a hankali take ja da su baya.

Wanda ya fara tattara alamomin ya ba cutar suna shi ne Jean-Martin Charcot, ana furta shi Sharko, a asibitin Salpêtrière da ke birnin Paris a 1868. Ba shi da hoton ƙwaƙwalwa. Kallon majinyaci yake yi shekara da shekaru, yana rubuta rawar hannu da rawar ido da sarƙewar magana, in mutum ya rasu ya duba lakarsa ya ga tabon. Tun kafin shi, wani jikan Sarki George na III na Ingila, Augustus d'Este, ya riƙa rubuta halin jikinsa daga 1822, farawa da dushewar gani, har ya kai ga keken guragu. Yau masana na ɗaukar rubutun nasa a matsayin ɗaya daga cikin bayanai na farko a kan cutar. Sai a 1981 aka fara ganin tabon a ƙwaƙwalwar rayayyen mutum da na'urar MRI, a Landan. A 2001 aka fitar da ƙa'idojin ganewa da ake kira da sunan Ian McDonald, an kuma sabunta su sau da dama, na baya-bayan nan a 2024. Ginshiƙinsu tun farko shi ne abin da Sharko ya gani da idonsa: ɓarna a wuri fiye da ɗaya, da shaidar cewa ba a rana ɗaya ta auku ba.

Yanzu bari mu yi wa malamanmu adalci. Da suka ce cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi, ba ƙarya suka yi ba. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan an ƙirga kusan mutum 400 cikin kowane 100,000. Ƙididdigar da Tarayyar Ƙungiyoyin MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza, kuma matsakaicin shekarun da ake gano ta 32 ne. Turai da Arewacin Amurka ne a gaba, Afirka kudu da Sahara a can ƙasa. A Janairun 2024 ma wani bincike da aka buga a mujallar Nature, wanda ya auna ƙasusuwan mutanen da, ya nuna cewa babbar ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin cutar ta shiga arewacin Turai ne tare da wasu makiyayan shanu da tumaki da suka taso daga filayen arewacin Baƙin Teku, wajen shekara 5,000 da suka wuce. Masu binciken na ganin ƙwayar ta kare makiyayan daga cututtukan dabbobinsu, jikoki kuma suka gaji garkuwa mai saurin hasala.

Amma ƙaranci daban, babu daban. Kuma ƙirga na bin mai ƙirgawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna cewa a Turai akwai ma'aikatan fannin jijiya da ƙwaƙwalwa kusan 9 ga kowane mutum 100,000, a Afirka kuwa kusan 1 ga mutum miliyan guda. Ƙasar da ba ta da mai dubawa, ba ta da na'urar hoto, yaya za a yi ta ba da adadi mai yawa? Ku dubi Iran da Kuwaiti, ƙasashen rana kamar namu, waɗanda a da ake lissafa su cikin masu ƙarancin cutar. Yau asibitocin Tehran da Isfahan na kula da dubban masu ita. A Amurka an shafe shekaru ana koyar da cewa baƙaƙen fata ba su cika yin ta ba, sai wani bincike a kudancin Kalifoniya ya nuna a 2013 cewa sababbin kamuwa sun fi yawa a cikin baƙaƙen mata a kan fararen. Likitoci a Sudan da Kenya da Zambiya sun buga bayanan majinyatansu. A nan ma, tun da na'urorin MRI suka fara samuwa a manyan biranenmu, muna ganin ta.

Akwai wani zaren binciken da ya taso daga nahiyarmu, ina so ɗalibai su riƙe shi. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Daga ƙwayoyin wannan ƙari ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a Landan a 1964, wadda ake kira EBV. Fiye da mutum 90 cikin 100 na manyan duniya na ɗauke da ita, galibi ba su sani ba. A Janairun 2022 masu bincike a Jami'ar Harvard, ƙarƙashin Alberto Ascherio, suka buga sakamakon bin diddigin jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10, wanda aka ajiye tsawon shekara 20. Cikin mutum 801 da suka kamu da MS aka samu jininsu, ɗaya tak ne bai kamu da EBV ba kafin cutar. Haɗarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa da ƙwayar. Ke nan ita ce ƙofa, amma ba ita kaɗai ke tura mutum ciki ba: akwai gado, da ƙarancin bitamin D, da shan taba, da ƙiba a lokacin balaga. Kuma lokacin kamuwa na da tasiri. Yaranmu kan kamu da EBV tun suna goye, ta wuce shiru. A ƙasashen da sai an balaga ake kamuwa, takan zo da zazzaɓi da kumburin maƙogwaro, kuma waɗanda suka yi wannan zazzaɓin haɗarinsu ya ninka. Yadda rayuwar birane ke sauyawa a wurinmu, yara na wuni a ɗaki, ƙiba na ƙaruwa, ni a ganina kuskure ne mu zauna muna jiran adadin ya tsaya inda kakanninmu suka bar shi.

Sai dai ina jin tsoron abu guda. Kada wani ya fita daga zauren nan gobe ya ga ɗigon fari a hoton ƙwaƙwalwa ya ce MS. A birnin Los Angeles, inda babu abin da suka rasa, wani bincike na 2019 ya gano cewa kusan 18 cikin 100 na waɗanda aka tura cibiyoyi biyu da sunan cutar ba ita suke da ita ba. Mu kuwa masu kama da ita sun fi yawa. Tarin fuka na kama laka. Ƙanjamau na kama ta. Ƙarancin bitamin B12 na yi. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya yi suna a duniya kan lalacewar jijiya da ke biyo bayan yawan cin rogon da ba a jiƙa shi yadda ya kamata ba. Mafi haɗari kuma wata 'yar uwarta ce da ake kira NMO, mai kama jijiyar ido da laka da tsanani, wadda rabonta a cikin baƙaƙen fata da mutanen Asiya ya fi na Turawa. An daɗe ana haɗa su, sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo suka gano alamar da ke cikin jini mai raba su. Rabawar ba ta ado ba ce: wasu magungunan MS, irin su intaferon, suna tsananta NMO. Wanda ya yi gaggawar sa suna zai iya makantar da mutum da hannunsa.

Maganar magani kuwa, wanda ya gama makaranta kafin 1993 an koya masa cewa babu. A shekarar ne Amurka ta amince da allurar intaferon, kuma don ƙarancinta sai da aka yi ƙuri'a da kwamfuta a zaɓi wanda zai samu. Yau magungunan da ke rage tasowar cutar sun kai wajen 20. Babban sauyi ya zo a 2008, lokacin da Stephen Hauser da abokansa suka nuna cewa ritukzimab, maganin da ke rage wani rukunin ƙwayoyin garkuwa, na dakatar da sabuwar ɓarna sosai. Ƙanensa okrelizumab ya samu amincewa a 2017, shi ne na farko ga nau'in da ba ya lafawa. Suwidin, ƙasa mai arziki, ta rungumi ritukzimab domin yana aiki kuma ya fi araha. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku a jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba, karo na farko a tarihi: ritukzimab, da giletirama, da kiladiribin.

Wannan labari ne mai daɗi gare mu, domin ritukzimab ba baƙo ba ne. Abokan aikinmu na sashen jini suna ba da shi ga masu ciwon daji. Ƙarin ruwa ne kusan sau ɗaya a wata shida, kuma yana amfani ga NMO ma. Amma ina roƙonku da Allah, kada wanda ya ɗaura shi ba tare da ya auna ciwon hanta nau'in B ba. Kun san yawansa a cikin jama'armu. Maganin na iya tayar da ƙwayar da ke kwance ta cinye hanta. A duba tarin fuka, a duba ƙanjamau. In ciwo ya taso da ƙarfi, sitiroyid giram 1 kullum na kwana 3 zuwa 5 na gajarta shi, kuma binciken Faransa na 2015 ya nuna sha da baki ya yi daidai da ƙarin ruwa. Bayan nan a tsaya. Na ga waɗanda aka bari a kan ƙwayar sitiroyid wata da watanni, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni, cutar kuma ba ta fasa ba. Kuɗin magani dai har yanzu ya fi ƙarfin malamin makaranta, kuma wannan magana ce da ya kamata mu kai gaban masu inshorar lafiya da takarda a hannu.

Bari in koma wurin malamar nan, domin ita ta koya mini kulawa. Abin da ya fi damunta ba sandar ba ce. Gajiya ce da ba a gani, wadda ke sauko mata da hantsi kamar an ɗora mata buhu, har uwar mijinta ke cewa son jiki ne. Sai fitsari da ke matsa mata ba shiri, wanda ya hana ta zuwa biki da makoki. Sai zafi. Ta ce in bazara ta yi, da azahar idon nan na dama sai ya koma hazo, in ta yi wanka da ruwan randa ya washe. Likitan ido Bajamushe Wilhelm Uhthoff ya bayyana wannan tun 1890: jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure ƙarin zafin jiki, ko kaɗan ne. Ba sabon hari ba ne, kuma sanin haka kaɗai ya cire mata tsoro. Muka nemi a mayar da darussanta safiya. Ta riƙa jiƙa ɗan tawul tana sa wa a wuya, ta bar girkin rana a murhu. Mai gashin ƙashi ya koya mata motsa jiki da yadda za ta taka ba ta faɗi ba. Malamar jinya ta zauna da ita kan maganar fitsari, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa mini ba.

Wata rana mijin ya shigo shi kaɗai, ya rufe ƙofa, ya ce: "Likita, gaya mini tsakaninka da Allah, ana ɗauka? Za ta haihu?" Na ce masa ba a ɗauka, ko a kwano ko a shimfiɗa. Za ta iya haihuwa. Wani babban bincike na Turai da aka buga a 1998 ya nuna cutar kan lafa a lokacin ciki, musamman watanni ukun ƙarshe, ta ɗan taso a watanni ukun farko bayan haihuwa, don haka shiri ake yi tare da likita. Game da 'ya'ya, ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in ɗaya na da ita, galibi ɗayan ba ya yi. Na daɗe a kan wannan ne domin cutar na kama mace a shekarun aure da goyo, kuma mun san abin da kan sami matar da aka ce tana da ciwon da ba a san kansa ba. Minti goma da likita zai ba miji da uwar miji na iya tsare aure. Ga iyayenmu mata da ke wurin nan, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi ba na mai wannan cuta ba ne.

Saura horarwa. Zambiya ba ta da shirin horar da likitocin jijiya sai a 2018, da aka buɗe shi a asibitin koyarwa na Lusaka, kuma cikin 'yan shekaru suka fara gano masu MS da NMO da a da ake sallama da wani suna. Mu muna da kwalejojin horar da ƙwararru, ta ƙasa da ta Afirka ta Yamma, muna da asibitocin koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga Yamai a maƙwabta. Amma ko mun ninka ƙwararrunmu sau goma, ba su ne za su fara ganin yarinyar da idonta ya yi hazo ba. Malamin asibitin ƙauye ne, da mai gwajin tabarau, da ƙaramin likita irin yadda nake a wancan lokaci. Su ya kamata a koya wa cewa matashi mai ciwon jijiya ana tambayarsa abin da ya taɓa faruwa ya wuce: ido, sagewar hannu ko ƙafa, jiri, fitsari, da ko in ya sunkuyar da kai yana jin wani abu na tsarga masa baya kamar ya taɓa minjirya. A koya wa masu karanta hoto bambancin tabon MS da na hawan jini. Kuma a gyara jimlar nan ta cewa baƙar fata ba ya yin cutar a takardun darasinmu.

Abin da nake roƙo, ya Shugaban taro, littafin rajista ne guda. Duk wanda aka gano da MS ko NMO, da izininsa, a rubuta shekarunsa, da alamar farko, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a gane, da inda ya fara zuwa, da maganin da ya samu da abin da ya biya. A haɗa da sauran asibitocin koyarwa, a kuma yi yarjejeniya da ɗakin gwaji guda da za a riƙa tura jini da ruwan laka a tare don farashi ya sauka. Ranar 30 ga Mayu ce ranar MS ta duniya. Ina fata kafin ta zagayo mu zo da adadin da muka ƙirga da hannunmu. Na riga na nemi izinin malamar nan, ta ce a fara da ita. Tana nan tana koyar da aji uku, da safe, kuma 'yarta ta biyu ta fara tafiya.